Shin tarukan bita suna gyara yadda likitoci ke rubuta magani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni likita ne, shekara uku ke nan da gama bautar ƙasa, ina aiki a wani babban asibitin jiha. Duk shekara sai mun tara makin bita kafin a sabunta mana lasisi. Gaskiya abin da nake gani shi ne a biya kuɗi, a zauna a otal, a ci shinkafa, a karɓi satifiket. Kai da ka daɗe a ɓangaren harhaɗa magunguna, wannan abu yana gyara yadda ake amfani da magani kuwa, ko dai hanyar karɓar kuɗinmu ce kawai?

Wa'alaikumus salam, Likita. Na yi dariya da na zo kan zancen shinkafa, domin ni ma na ci tawa ba sau ɗaya ba. Akwai wani aljihun tebur a ofishina cike da satifiket, wasu ko da za a ɗora mini wuƙa ba zan iya tuna abin da aka koyar a ranar ba. Ku hukumar kula da aikin likitoci, MDCN, ke neman maki 20 a hannunku kowace shekara, mu kuma hukumar kula da aikin harhaɗa magunguna, PCN, ta wajabta mana namu karatun kafin mu ci gaba da aiki. Don haka kukanka kukana ne. Sai dai ka haɗa abu biyu a kwarya ɗaya: buƙatar ci gaba da karatun, da kuma salon da muke bi wajen yin sa. Na farkon babu makawa a kansa. Na biyun ne ya lalace, kuma yana gyaruwa.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Lokacin da na fara aiki, kulorokwin ne sarki a maganin zazzaɓin cizon sauro. A ba da ƙwaya, a yi allura, wanda yake yi wa ƙaiƙayi a haɗa masa da Piriton. A 2005 Najeriya ta sauke shi daga karaga saboda cutar ta daina jin sa, aka koma haɗin atemisinin irin su Coartem. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba duk mai zazzaɓi maganin maleriya sai an gwada jininsa tukuna. A shekarar dai aka fitar da sakamakon babban gwajin da aka yi kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, har da wani asibiti a Ilorin, wanda ya nuna allurar atisunet ta fi kwinin ceton rai a zazzaɓi mai tsanani, mace-mace sun ragu da kashi 22 da rabi cikin ɗari. Sannan mun yi shekara da shekaru muna koya wa ɗalibai cewa mai ciki a watanni ukun farko kwinin ake ba ta na kwana bakwai, sai ga shi a ƙarshen 2022 hukumar ta ce irin haɗin da ke cikin Coartem shi ne zaɓi. Cuta ɗaya ke nan fa, wadda kake gani safe da yamma, kuma sau huɗu ana canja mata ƙa'ida ina raye ina bakin aiki.

Ba maleriya kaɗai ba. Tun 2004 aka ce yaro mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari tare da zinki, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba, amma har gobe za ka ga an rubuta wa yaro Flagyl da Septrin, zinkin kuwa ko oho. Ranitidin da muka yi ta rabawa masu gyambon ciki an janye shi daga kasuwannin ƙasashe da dama a 2020. Wani ilimin ma daga cikin gida ya fito. Gwajin da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa idan baƙar fata mai hawan jini na buƙatar magani biyu, haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin. A 2023 kuma aka buga wani da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa: a riƙa auna jinin da mai haihuwa ke zubarwa da leda mai ma'auni maimakon kintace da ido, da zarar ya kai ƙa'ida a haɗa mata duk matakan lokaci guda, tausar mahaifa da allurar oksitosin mai matse mahaifa da taranekzamik mai tsayar da jini da ƙarin ruwa, ba a yi ta gwada ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kusan kashi 60 cikin ɗari. Likitan da ya rufe littafi ranar da aka rantsar da shi, yau da zuciya ɗaya yake cutar da mutane.

To me ake nufi da amfani da magani yadda ya dace? An daddale ma'anarsa a taron da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a Nairobi a 1985: mara lafiya ya sami maganin da ya dace da ciwonsa, a gwargwadon da ya dace da jikinsa, na tsawon kwanakin da suka isa, a farashi mafi sauƙi gare shi da al'ummarsa. Ka lura da zancen farashin nan, domin shi muka fi mantawa. Hukumar ta kiyasta cewa fiye da rabin magungunan duniya ana rubuta su ko ba da su ko sayar da su ba bisa ƙa'ida ba, kuma rabin marasa lafiya ba sa shan su daidai.

Kai ka san kamannin abin a wurinmu. Mutum ya zo da zazzaɓi da ciwon kai na kwana biyu. A tura shi lab, ya dawo da takardar da kowa ya haddace: maleriya da taifot. Taifot ɗin da gwajin Widal aka gano shi, gwajin da aka ƙirƙira tun 1896, wanda a wuri irin namu, inda mutane suka sha cuɗanya da ƙwayar cutar, lafiyayye ma yana iya nuna lamba mai yawa, kuma maleriyar kanta tana iya ɗaga shi. Daga nan alƙalami ya fara gudu: Coartem, sifirofuloksasin, allurar seftiriyazon, daikulofenak, farasitamol, bitamin, in da hali a ɗora ruwa leda biyu. Magani bakwai ga mutumin da watakila biyu sun ishe shi. Ya sayar da buhun masara ya biya. Idan ya warke, ba wanda ya san wanne ne ya yi aikin. Idan ƙuraje suka feso masa ko ƙodarsa ta fara kuka, ba wanda ya san wanne ne ya yi ɓarnar.

Kuma bashin nan ana biyan sa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a farkon 2022 ya kiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi muni idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, mutum 27 cikin kowane 100,000. Mu ke nan. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: na yau da kullum irin su amoksisilin da Flagyl da doksisaikilin, na sa-ido irin su seftiriyazon da sifirofuloksasin da azitiromaisin, sai na ajiya irin su kolistin, waɗanda ba a taɓawa sai hanya ta ƙure. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Satumban 2024 ƙasashe suka amince cewa nan da 2030 kashi 70 cikin ɗari na antibayotik da ake sha su zama daga gidan farko. Je ka duba rijistar ɗakin gaggawa na asibitinku ka gani ko seftiriyazon ya san shi na sa-ido ne.

Yanzu ga tambayarka kai tsaye: zaman otal yana gyara wannan? An bincika, kuma an daɗe ana bincikawa. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta yi, inda ta tattara gwaje-gwaje masu yawa kan tarukan ilmantar da ma'aikatan lafiya, ya nuna a matsakaici suna ƙara bin ƙa'ida da kamar kashi 6 cikin ɗari. Ba banza ba ne, amma ba abin a-zo-a-gani ba ne. Kuma lacca zalla, inda mutum ɗaya ke magana saura na latsa waya, ba ta kai wadda aka haɗa da tattaunawa da gwada aiki ba. Idan halin da ake son canjawa mai sarƙaƙiya ne, tasirin yana ƙara yin ƙasa.

Dalili kuwa a fili yake, kuma nan ne masu shirya bita suka fi kuskure. Suna ɗauka rashin sani ne ke sa likita ya rubuta wa mai mura antibayotik. Ina tabbatar maka babu likitan da ya ci jarrabawar aji huɗu bai san mura ba ta jin antibayotik ba. Abin da ke tura hannunsa daban ne. Akwai layin mutum tamanin a bakin ƙofa, kuma rubuta magani ya fi saurin bayani. Akwai lab ɗin da ba ya iya shuka jini a gano ƙwayar cutar, in ma yana iyawa sai bayan kwana biyar kuma mara lafiya ba shi da kuɗin. Akwai tsoron kada a sallami yaro ya rikice a ƙauyen da ba mota da dare. Akwai tunanin cewa in bai rubuta allura ba za a ce bai iya aiki ba. Sannan akwai abin da ya ga ogansa yana rubutawa lokacin da yake koyon aiki, wanda ya fi duk wani littafi tasiri a kansa. Laccar awa biyu kan yadda antibayotik ke fasa bangon ƙwayar cuta ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. An ba da maganin ciwon da mutum ba shi da shi, wato bitar ma an rubuta ta ba bisa ƙa'ida ba.

Ga kuma batun wanda ya biya kuɗin shinkafar. Da yawan tarukan nan kamfanonin magani ke ɗaukar nauyinsu. Ba na cewa wakilin kamfani maƙaryaci ne, wasunsu ɗalibaina ne ma. Amma aikinsa sayarwa ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba za a taɓa kiran ka otal a yi maka bita kan fa'idar amoksisilin mai araha ba, ballantana kan lokacin da ya kamata a sallami mutum ba tare da magani ba, domin babu mai cin riba da wannan. Na taɓa halartar wani taro inda aka yi awa guda ana yabon wani sabon haɗin antibayotik biyu a ƙwaya ɗaya, ba a ambaci ko yana cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa ba. Da na tambaya, sai aka ce lokacin cin abinci ya yi. Cikin wata guda na fara ganin sunansa a takardun da ke zuwa tagarmu.

Abin mamaki, ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi aiki daga hannun kamfanonin aka kwaikwaye ta. A farkon shekarun 1980 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Jerry Avorn da Stephen Soumerai, suka ce tunda wakilin kamfani na iya canja alƙalamin likita da ziyarar minti goma, me zai hana a horar da masana harhaɗa magunguna su riƙa yin irin ziyarar, amma da sahihin bayani ba talla ba? Suka gwada, suka buga sakamako a 1983: rubuta magungunan da aka nufa ya ragu da kashi 14 cikin ɗari a wurin likitocin da aka ziyarta, alhali waɗanda aka aika wa takardu kawai ba su canja sosai ba. Mutum ɗaya ya zauna da mutum ɗaya, a ofishinsa, kan magana ɗaya ko biyu.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Indonesiya, domin yanayinsu ya yi kama da namu. A yankin Gunungkidul kusa da Yogyakarta, kusan mutum bakwai cikin goma da suka je ƙaramin asibiti sai an yi musu allura. Ma'aikatan suna cewa mutane ne ke matsa musu. Sai masu bincike suka zaunar da ma'aikatan da marasa lafiyar a ɗaki ɗaya, suka bar su suka yi magana. Sai ga shi yawancin mutanen sun ce su ba su roƙi allura ba, likita ne ke yi, su kuma ba sa musu da likita. Bayan wannan zama, allura ta faɗo daga kashi 69.5 zuwa kashi 42.3. An buga shi a 1996. Duk lokacin da wani ya ce mini mutanenmu ba sa yarda sun ga likita sai an soka musu allura, nakan tambaye shi ko ya taɓa tambayar su. Akwai masu nema, ban musa ba. Amma mu muka koya musu, kuma ba su kai yawan da muke zato ba. Wanda yake ganin allura abin wasa ce ya karanta tarihin Masar, inda allurar maganin tsargiya da aka yi wa jama'a da sirinjin da ba a tsabtace da kyau ba, daga shekarun 1950 zuwa 1980, ta bar ƙasar shekaru da dama da ciwon hanta nau'in C mafi yawa a duniya.

A Ingila kuwa wasiƙa kawai aka rubuta. Babbar jami'ar lafiya ta ƙasar ta aika wa asibitocin unguwa da suka fi rubuta antibayotik takarda tana shaida musu cewa kashi 80 cikin ɗari na maƙwabtansu ba su kai su rubutawa ba. Cikin wata shida abin ya ragu da kashi 3.3, wato takardun magani fiye da 73,000. Ba a koya musu komai ba. An nuna musu inda suke tsaye ne a tsakanin tsararrakinsu.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe, domin ba ya buƙatar otal: mutum ya ga rubutun hannunsa a ƙirge. Laifi tudu ne, kowa na taka nasa ya hango na wani. Tun 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunai biyar masu sauƙi: magani nawa ake rubutawa a takarda ɗaya, kashi nawa aka rubuta da sunansu na asali ba na kamfani ba, takardu nawa ke ɗauke da antibayotik, nawa ke ɗauke da allura, kuma magunguna nawa ne ke cikin jerin muhimman magunguna. Mizanin da ake yawan gwadawa da shi, wanda daga wani aiki da aka yi a kudancin Najeriya ya samo asali, shi ne ƙasa da magani biyu a takarda, antibayotik a kusan kashi 20 zuwa 27 na takardu, allura a kusan kashi 13 zuwa 24. Takarda ɗari da biro da awa biyu sun isa.

Mun taɓa yin haka a wani asibiti da na yi aiki, lokacin ina sakataren kwamitin magunguna. Akwai wani babban likita, mutumin kirki ƙwarai, da ya rantse shi ba ya cikin masu wasa da seftiriyazon. Ba mu yi musu da shi ba. Muka ware takardunsa na mako biyu, muka kai masa ofis, ni da shi kaɗai, muka rufe ƙofa. Ya yi ta juya su yana shiru. Can ya ce, wallahi Malam ban san haka nake yi ba. Kuma gaskiya ya faɗa, hannu ne ya saba. Da a gaban yaransa muka nuna masa, da mun yi asarar sa har abada. Zan faɗa maka iyakar abin ma, kada in sayar maka da shi kamar wakilin kamfani: a nazarin Cochrane na 2012 wannan hanya a matsakaici kashi 4 da ɗoriya ta gyara. Amma tana yin ƙarfi sosai idan wurin ya lalace tun farko, idan abokin aiki da ake ganin girmansa ne ya kawo sakamakon, idan an faɗa da baki kuma an ba da a rubuce, idan an maimaita, kuma an tsayar da abin da ake son cimmawa. Mu da muka yi sau biyu muka bari saboda an yi mini canjin wurin aiki, na ji labari bayan shekara an koma gidan jiya.

Kada ka ga ina ta dukan likitoci, namu laifin ma tuli ne. Da yawanmu mun mayar da kanmu masu miƙa leda ta taga. A ja layi biyu a jikin ambulan, a ce safe da yamma, na gaba. Ɗauki Coartem: babba ƙwaya huɗu-huɗu yake sha sau shida, na biyu bayan awa takwas da na farko, sannan safe da yamma na kwana biyu, kuma sai da abinci mai maiƙo ko madara jiki ke ɗaukar sa da kyau. Mutumin da zazzaɓi ya hana shi ci, ya sha shi da ruwa zalla, ya daina rana ta biyu don ya ji sauƙi, bayan mako biyu ya dawo a ce maganin jabu ne. Sifirofuloksasin kuwa akasin haka ne, idan aka kora shi da fura da nono ko maganin ƙwannafi ko na ƙarin jini, sai ya ɗaure a hanji ya ƙi shiga jini. Mai tarin fuka da ke shan rifamfisin kuma yana kan dolutegirabi, maganin cutar ƙanjamau, sai an ƙara masa miligiram 50 na dolutegirabin bayan awa goma sha biyu, kuma rifamfisin ɗin yana raunana ƙwayar tsarin iyali da ashanar da ake sa wa a hannu. Mai ciwon suga da ke shan gilibenkilamaid, in azumi ya ƙarato sai an zauna da shi, in ba haka ba suga ya faɗi masa da la'asar. Oksitosin da aka bari a kan kanta cikin zafin watan Afrilu ya rage ƙarfi, ranar da ake neman sa ya ci amana. Duk wannan aikinmu ne, kuma bitarmu a kansa ya kamata ta tsaya.

Babbar ɓarakar kuma ita ce ku kuna bitarku can, mu muna tamu nan, ma'aikatan jinya suna tasu, alhali takarda ɗaya ce ke bi ta hannunmu duka. Rigimar da ke tsakanin ƙungiyoyinmu kan muƙami da albashi ta shigo har gadon mara lafiya. Ƙaramin famasis ya ga kuskuren awo a takardar yaro, yana tsoron ɗaga waya kada a ce masa wa ya tambaye ka. Likita kuma yana ganin duk tambaya raini ce. Zaman minti talatin a mako, likita da famasis da nas da mai lab a kan fayil biyu ko uku na marasa lafiyar da ke kwance, ya fi mini taron kwana uku. Can ne mai lab zai gaya muku abin da yake gani yana tsirowa da maganin da ya daina kashe shi, wanda ba littafin da aka buga a Landan zai gaya muku.

Sai masu kemis. Ko mun so ko mun ƙi, yawancin mutanenmu can suke fara zuwa, a ƙauye ma can suke ƙarewa. A ƙa'ida PCN ce ke ba su lasisi, kuma magungunan da ba sa buƙatar takardar likita kaɗai aka yarje musu. A zahiri kuwa akwai haɗi na naira kaza, da kafso ja da yalo guda biyu, da sha-ka-fashe na 'yan mata masu neman ƙiba, wanda sau da yawa deksametazon ne a ciki. Wasu abokan aikina suna ganin horar da su kamar halatta musu aikin da ba nasu ba ne. Ni ban yarda ba. Mai kemis da ya iya gwajin maleriya na tsinke, ya san zinki, ya san alamomin da ke cewa maza a wuce asibiti da yaron nan, ya fi mini wanda aka bari cikin duhu ana kai masa samame sau ɗaya a shekara.

Akwai wurin da bita ba ta kaiwa ko an yi ta da kyau, wato aljihu. Tun shirin Bamako na 1987 asibitocinmu da yawa suka dogara da asusun jujjuya kuɗin magani, a masu zaman kansu kuwa ribar magani ce ke biyan albashi da man janareto. Inda abincin mutum ya rataya a kan yawan abin da ya rubuta, wa'azi ba ya shiga. Koriya ta Kudu ta raba rubutawa da sayarwa da ƙarfin doka a shekarar 2000, likitoci suka yi yajin aiki, amma rubuta antibayotik ya ragu bayan nan. Wannan aikin masu mulki ne, ya fi ƙarfina da kai. Na ambata ne don kada ka ɗora wa bita nauyin da ba nata ba, ka ce ta gaza.

Makin nan dai dole ka tara su, to ka zama mai zaɓe. Kafin ka biya, tambayi wanda ya ɗauki nauyi, kuma ka duba ko za a kawo fayil na gaske a tattauna ko kuwa hotuna sittin za a haska a tashi. Fifita abin da kake gani kullum, zazzaɓi da tari da gudawa da hawan jini da suga, a kan cutar da za ka gamu da ita sau ɗaya a rayuwa. Sauke kundin ƙa'idojin jiyya na ƙasa da jagorar antibayotik da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 a wayarka, kyauta take, kuma za ka sha mamakin yawan wuraren da ta ce kwana uku zuwa biyar sun isa, ko ma kada a ba da komai. Ga cututtuka goman da suka fi zuwa maka, tsayar da maganinka na farko da na biyu, ka san awonsu da illarsu da farashinsu a kasuwa kamar sunanka, yadda wakilin kamfani ba zai ture ka da biro da kalanda ba.

Ranar Litinin kuma ka leƙa famasin asibitinku, ka gaida mai wurin, ka roƙe shi ya ware maka takardunka ɗari na baya-bayan nan. Zai yi mamaki, mai yiwuwa ya zaci rigima ka zo da ita, don haka ka tafi da fara'a. Ku ƙirga tare. In kun gama, ka rubuto mini guda nawa ne ke ɗauke da seftiriyazon, da kuma guda nawa daga cikinsu ka sa aka ɗauki jini kafin allurar farko.